Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur a Legas

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Agege, Idi-Araba ko bayan kasuwar Mile 12 ya san su: babura jingine da bango, tayoyi sun sace, an lulluɓe su da tsohon tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinsu. Wani Honda Roadmaster ne na dattijon da ƙafa ta hana shi hawa, wani Suzuki ne ko Yamaha na zamanin da ma'aikaci ke karɓar bashin babur, wasu kuma Jincheng ne da Boxer da masu su suka jingine tun da aka matsa wa 'yan acaba. Yawancinsu injinsu bai mutu ba. Ajiyewa kawai aka yi, mai ya bushe a kabireta, iskar teku da damina suka yi nasu aikin.

Abin da nake so mai niyyar tayar da irin wannan babur ya riƙe tun daga farko shi ne, ƙarfen da babur ya fito da shi daga kamfani, ko ya tsufa, sau da yawa ya fi sabon da za a miƙo maka a shago yau. Don haka ka ceci duk abin da zai cetu, ka sayi kaɗan, kuma ka bi aikin daki-daki: takarda, inji, ƙafafu, sannan kwalliya. Wanda ya fara da fenti, shi ne za ka gani bayan wata shida da babur mai sheƙi wanda ba ya tashi.

Kafin ka ɗauki sifana

A Legas tambayar farko ita ce a ina za a hau babur ɗin. Ranar 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta haramta acaba gaba ɗaya a ƙananan hukumomin Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland da Apapa, a farkon Satumba kuma ta ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ka lura, Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin. A takarda 'yan haya aka nufa, amma jami'in da ya tare ka a bakin titi ba zuciyarka yake gani ba, ƙaramin babur yake gani, kuma baburan da aka kama murƙushe su ake yi. Bayan wannan akwai dokar da ta faro tun 2012 lokacin Babatunde Fashola, aka sabunta ta a 2018, wadda ta hana babur mai inji ƙasa da 200cc hawa manyan tituna da gadoji. Ko Roadmaster CD200, duk da lambar da ke jikinsa, injinsa 194cc ne.

Ba na faɗin haka don in kashe maka gwiwa. Akwai mai gyarawa don zirga-zirgar cikin unguwa inda ba a hana ba, akwai mai son ajiye abin tunawa da mahaifinsa, akwai kuma wanda in ya gama zai ɗora shi a tirelar da ta sauke albasa ko tumatir za ta koma Arewa. Kowanne a cikinsu takarda yake buƙata, musamman na ƙarshen, don shingayen hanya ba sa ƙarewa.

Ka sa tsumma da ɗan kananzir ka goge lambar firam da lambar inji. A yawancin babura ta firam tana wuyan babur, inda kai ke juyawa, ta inji kuma a ƙasa-ƙasan gefen hagu. Ka karanta su da idonka, ka gwada da abin da ke takarda, harafi da harafi. In ka ga an goge wurin da giranda ko an sake buga lamba a karkace, ka yi sallama ka tafi komai arharsa. In takardun ɓata suka yi, akwai hanyar rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, daga nan sai hukumar rajistar ababen hawa ta jihar, wato MVAA, don sabunta lasisi ko canza sunan mai shi. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, kuma ya fi kyau a yi ta gaban wani babba da unguwa ta sani. In kuwa na gado ne, a raba gardama da magada tukuna. Babur da ke kwance ba wanda ke tunawa da shi, amma ranar da ya tashi yana walƙiya kowa zai tuna yana da kaso.

Ba kowane tsohon babur ne ya cancanci wahala ba

Abin da ke raba su shi ne samun kayan gyara. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, an ƙera shi ne musamman don ƙasashe irin namu, inda ake lafta wa babur kaya ana manta canza baƙin mai. Kamfanonin China sun kwaikwayi injinsa har ba iyaka, saboda haka fakin, bawul, kuloci da kebul nasa ba sa wuya. Haka ƙananan Honda irin su C50 da C70, dangin Super Cub da aka fara ƙerawa a 1958, waɗanda injin roba-roba na yau jikansu ne. Jincheng AX100 kuwa tsarin Suzuki AX100 ne, don haka kayansu na shiga juna. Waɗannan ukun su nake ba mai farawa shawara.

Roadmaster da yayansa CD175 labarinsu daban. Fistin biyu ne, komai sai ka saya biyu, kuma tanki, murfin gefe da salansarsu sai an yi farauta. Suzuki A100 da Yamaha YB100 suna tsaka-tsaki: injinsu mai sauƙin sha'ani ne, amma kayan jikinsu sun yi ƙaranci. Vespa kuma sai in ka riga ka san bakaniken da ya san ta, don masu gyaranta sun ƙare a yawancin garejin yanzu. In irin waɗannan ne a gabanka, wanda yake cikakke ko ba ya tashi ya fi wanda ke tashi amma rabin jikinsa babu.

Dubawar farko

Kada ka buga kik da ƙarfi. Ka cire fulogi, ka zuba ɗan baƙin mai kamar cokali guda ta ramin, ka danna kik da hannu a hankali. In ya sauka sumul, ka toshe ramin fulogin da babban yatsa a sake dannawa. In iska ta ture yatsan, akwai rai a injin. In kik ya ƙi motsi, fistin ya kama. Ka cika ramin da dizal haɗe da baƙin mai, ka bar shi kwanaki, sannan ka sa giyar ƙarshe kana ɗan tura babur gaba da baya. Mai gaggawar da ya hau kik ya taka da dukkan nauyinsa, ringi yake karyawa ko haƙoran kik ɗin.

Sai ka kwance notin ƙasan inji ka tari baƙin man a roba ka dube shi a rana. Baƙi ƙirin ba matsala ba ne. In ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga, kuma a Legas wannan yana nufin ambaliya ta taɓa shanye babur ɗin, sai an buɗe inji gaba ɗaya. In kuma yana ƙyalli da burbushin ƙarfe, wani abu na ci a ciki.

Firam ma a duba shi da kyau, musamman ƙarƙashin tanki, wurin batir da inda ƙafar tsayawa take. Ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Tsatsar sama samfefa ce maganinta, amma inda ƙarfe ya rube har guduma na lotsa shi, ko aka taɓa yin walda a wuya bayan hatsari, wannan babur na cire kaya ne kawai.

Wargazawa

Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da wayarka, ta kowane gefe, musamman yadda wayoyi da kebul suka bi. Ka tanadi ledoji da biro: notin salansa leda guda, na murfin inji leda guda, kowacce da sunanta. Kusoshin murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka ka zana siffar murfin a kwali ka soke kowace a gurbinta.

Sukurorin baburan Japan suna da saurin lalacewar kai in an sa musu sukuddireba na gama-gari. Ka nemi irin wanda ake bugawa da guduma yana juyawa, ka fesa musu man sassauta tsatsa tun daren jiya. Wanda ya ƙi, ɗan zafi da haƙuri. Wanda ya karye a ciki, a kai wa mai injin juya ƙarfe, kada yaron gareji ya ce zai huda da hannu.

In bakanike za ka ba aikin, ka nemi dattijo wanda ya yi zamani da kwantak, wato tsohon tsarin ba fulogi wuta, ka yi jinga a kan aikin hannunsa kawai, kaya kuma ku je ku saya tare. Sannan ka faɗa masa tun farko, cikin ladabi: "Baba, duk abin da aka cire, ko ya mutu, a sa mini a buhun nan." Zai yi dariya ya ce me za ka yi da shara. Ka dage. Da yawan tsofaffin kabiretocin Japan a haka suke barin hannun masu su, a ɗaura musu sabo mai arha a ce an yi musu gata.

Tanki da kabireta

Nan ne mafi yawan baburan da aka jingine suke kwance, kuma nan ne aka fi asarar kaya masu kyau saboda rashin haƙuri.

Ka buɗe tanki ka haska tocila. Tsohon fetur yana komawa ja mai danƙo da wari irin na fenti, ƙasan tankin kuma ya yi ɓawon tsatsa. Ka cire famfon mai, ka toshe ramin, ka zuba kananzir da tafin hannu guda na ƙananan notuna (ka ƙirga su, don su fito yadda suka shiga), ka yi ta girgizawa kana juyawa har hannu ya gaji. Ka zubar, ka wanke da ruwan sabulu, sannan ka cika shi da farin binega ya kwana ɗaya ko biyu. Abin da zai fito ruwan ƙasa ne mai kauri. Ka ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa, ka shanya a rana mai zafi nan take. A iskar Legas tankin da aka wanke aka bari da danshi kafin magariba ya sake yin ja, saboda haka da ya bushe ka zuba ɗan fetur haɗe da man 2T, wato man da wasu injina ke ƙonawa tare da fetur, ka juya ya shafi ko'ina. In akwai huji, walda ce, amma tankin da ke da sauran tururin fetur yana fashewa a hannun mai walda. Sai an wanke shi sosai, kuma a kai wa wanda ya saba da tankuna. Daga ƙarshe ka sa ƙaramar matatar mai a tiyon da ke zuwa kabireta.

Kabireta kuwa, ka duba sunan da ke jikinsa. Na Honda yawanci Keihin ne, na Suzuki da Yamaha kuma Mikuni. In ka ga ɗayan sunayen nan, wannan ba abin yarwa ba ne. Kafin ka cire sukurun iska, ka ɗaure shi a hankali har ya tsaya kana ƙirga juyi nawa ya yi, ka rubuta, don a haka za ka mayar da shi. Ka buɗe kwanon ƙasa a kan farin tsumma. Akwai jet biyu na tagulla, babba da ƙarami. Ƙaramin shi ne mai laifi kusan kullum: ka ɗaga shi sama ka leƙa, in ba ka ga ɗigon haske ba ya toshe, shi ya sa babur ke tashi da cok ya mutu da an sake shi. Ka jiƙa shi, ka zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi ka zira a hankali, ka hura. Kada ka yarda a sa allura ko tsinken ƙarfe. Ramin zai buɗe, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ba ya gyaruwa. Fulot ɗin ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji mai na motsi a ciki ya huje. Robar da ke haɗa kabireta da inji in ta tsage a canza ta, haka soson iska, wanda galibi za ka tarar ya zama gari.

Wuta

Ka sa sabon fulogi a hularsa, ka jingina shi da ƙarfen inji, ka buga kik a inuwa. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. CG125 yana amfani da NGK D8EA, ƙananan Honda kuma C7HSA, tazarar bakinsu milimita 0.6 zuwa 0.7. In babu wuta, kafin ka zargi kwayil ka duba makulli, hular fulogi da duk inda waya ta haɗu da firam, don tsatsa a wurin nan kaɗai tana kashe wuta. Ɓeraye ma suna son wayoyin ƙarƙashin sirdi.

Tsofaffin suna da kwantak a bayan murfin magneto. A goge bakinsa da samfefa mai laushi, a saita shi ya buɗe milimita 0.3 zuwa 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F ta zo kan layi. Masu wayarin na yanzu za su ce a mayar da shi CDI, wato ƙaramin akwatin lantarki da ke maye gurbin kwantak. Yana yiwuwa, kuma yana rage wahala, amma a adana tsoffin kayan. Ka tabbatar ko babur ɗin na bolt 6 ne ko 12 kafin ka sayi batir da ƙwan fitila. Batir mai 12 in ya cika yana nuna kusan 12.6 a mita, in inji na aiki kuma ya haura 13.

Sai an tabbatar za a buɗe inji

In akwai matsi, mai na zuwa, wuta na nan, ka gwada tayar da shi kafin a taɓa cikin inji. Ka zuba sabon baƙin mai na babur, 20W-50 mai alamar JASO MA, don wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Ka wanke ragar tace mai. A saita tafet, wato tazarar bawul, inji na sanyi, alamar T a kan layi: milimita 0.08 a CG125, 0.05 a ƙananan Honda. Sau da yawa iyakar abin da ake buƙata ke nan.

In yana shuɗin hayaƙi ba ƙaƙƙautawa, ko yana ƙara kamar ana buga ƙarfe a ciki, to a sauke kai da bulok. Ka sa farce a bangon bulok. In farcen na maƙalewa a karce ko a wani tudu can sama, sai borin, wato a ɗan faɗaɗa ramin bulok ɗin. Fistin mai ƙarin faɗi yana zuwa mataki-mataki, milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00, kuma ka tsaya a mafi ƙanƙantar da zai share karcen don ka bar wa gaba wuri. Ka fara sayen fistin, sannan ka kai shi tare da bulok wurin mai borin ya auna a kansa. Za a ce maka sabon bulok da fistin a kwali ya fi arha. Gaskiya ne, amma ƙarfen tsohon daban ne, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Wajen haɗawa, rubutun IN a kan fistin ɗin Honda yana kallon kabireta, kibiyar da ke kan na masu 2T tana kallon salansa, bakunan ringi kuma kada su jeru wuri guda.

Masu 2T, wato Suzuki, Yamaha da Jincheng, suna da nasu hali. Sil ɗin karanshaf in ya bushe yana shan iska, inji ya riƙa tashi sama da kansa har ya ƙone fistin, don haka a canza su. Salansarsu tana cika da baƙin danƙo, sai an ƙone an kakkaɓe. Famfon da ke ba da 2T kuma a gyara shi, a fitar masa da iska. Al'adar cire shi a riƙa zuba 2T a tanki da ido ba ta yi mini ba, don a wasu injinan Suzuki famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf.

Kasuwa

Dokar kasuwar kayan gyara guda ce: ka tafi da tsohon a hannunka. Sunan babur kaɗai ba ya isa, don iri ɗaya ma yana canzawa daga shekara zuwa shekara. Ka ɗora sabo a kan tsoho a teburin mai shago, ka gwada ramukan noti, ka ƙirga haƙora, ka jera kebul biyun ka ga tsawo da kan.

Sabbin kaya, babbar matattararsu ita ce kasuwar ASPAMDA a Trade Fair, kan titin Badagry, inda 'yan kasuwar da suka taso daga Idumota suka koma. Ladipo a Mushin ta fi ƙarfi a kayan mota na tokunbo, amma wurin boris, sil, noti da kayan aiki ba ta da na biyu. Owode Onirin, gaba da Mile 12 ta hanyar Ikorodu, kasuwar tsohon ƙarfe ce, ta mai haƙurin tono. Abin da ya gagara a Legas, mai shagon da kuka saba zai iya sa a ɗoro masa daga Nnewi ta jihar Anambra, wadda ita ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Ka je a mota da jakarka, kada ka hau babur zuwa kasuwannin nan na Legas. Safiyar Alhamis kuma kasuwannin Legas na shara, ba a buɗewa sai ƙarfe goma.

Tun daga bakin ƙofa 'yan kamasho za su tare ka: "Malam, me kake nema? Zo, shagona ne." Yawancinsu ba su da shago, ladansu a cikin kuɗinka yake. Ka tambayi shago uku kafin ka ciro kuɗi. Ka tambaya kai tsaye kaya kala nawa ne, don kusan kowane abu yana da na ɗaya, na biyu da na uku, a kwali iri ɗaya. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba tsabtar rubutu da gefen ƙarfe. Fulogi da boris su aka fi yi wa jabu. A rubuta a rasit cewa in bai shiga ba za a canza. Tun da naira ta faɗi a 2023 farashin kayan waje ba ya zama wuri ɗaya, don haka in ka samu mai kyau a farashin da ya yi maka, ka ɗauka a ranar.

Rabon da nake yi shi ne: duk abin da yake roba ne ko mai cinyewa, a sayi sabo: fakin, sil, kebul, boris, takalmin birki, taya, tiyub, sarƙa da batir. Duk abin da yake jikin babur ne, tsoho na asali. Tanki, kabireta, murfin gefe, mita, kwanon fitila, hob da madigadi. Irin waɗannan kuwa 'yan uwanmu 'yan bola jari sun fi kowane shago. Ka je inda suke auna ƙarfe ka nuna hoton babur ɗin, ka bar lambarka, ka yi alkawarin biyan abin da ya fi kuɗin kilo. Ka kuma tuna da gida: ƙarfen da ya zauna a busasshiyar iskar Arewa bai ci tsatsa kamar na bakin teku ba. Ɗan uwa a Kaduna zai iya leƙa maka kasuwar Panteka, na Kano ya zaga ta Ƙofar Ruwa, a ba direba ya sauko da shi.

A intanet akwai shafin saye da sayarwa na Jiji da zaurukan Facebook, amma kada ka tura kuɗi kan hoto. A nuna maka kayan a bidiyo kusa da abin awo, ko ka aika wanda zai gani. Kayan ƙananan Honda ana ƙera sababbinsu a Tailan da Indunusiya, na Roadmaster kuma suna fitowa a eBay, sai dai kuɗin jirgi da na kwastan kan fi kuɗin kayan. Wannan hanyar ta ƙaramin abu ce da ya gagara ko'ina.

Ƙafafu da birki

Nan babu tsimi. Taya ko zanenta bai cinye ba, in ta tsattsage a gefe ta gama. Lambobi huɗu na ƙarshe a jikinta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta, ka duba har a sabuwa. Takalmin birkin da ya daɗe a danshi fatarsa na ɓarewa ta kulle ƙafa ana cikin tafiya, a canza gaba da baya. Boris lambarsa na jikinsa, da ita za ka saya. Sarƙa da faifan haƙoranta biyu tare ake canza su, 428 a CG125 da AX100, 420 a ƙananan Honda, a bar mata sassauci kamar santimita biyu. Sifok a ƙwanƙwasa ɗaya-ɗaya, wanda ya yi ƙarar kwano ya saki. A sabunta man shokozoba na gaba, a sa giris a wuya.

Fenti da kwalliya

Sai babur ya tashi, ya yi tafiya, an tabbatar ba ya yoyo, sannan a sake sauke tanki da murafai a kai fenti. A kankare tsatsa har ƙarfe, a sa jan fenti na kariya, kuma a yi aikin da rani, don fentin da aka fesa a danshin Yuni yana yin hazo ya kumbura. Kafin a kankare, ka ɗauki hoton layuka da tambarin tanki da abin awo a gefe, masu yanka sitika za su fitar maka da irinsu. Ƙarfe mai sheƙi da ya yi ɗigon tsatsa, takardar alminiyom da ruwa tana goge shi. Sirdi kuma kada a yar da farantin ƙasansa; mai ɗinkin kujerun mota zai sa sabon soso da fata a kai.

Kayan ƙawa a yi su da sauƙi. Madubi biyu, kariyar ɗora kaya ta baya da hon mai aiki sun wadatar. Fitilun zamani masu ƙyalƙyali da rediyo sun fi ƙarfin wutar tsohon magneto, kuma mai ɗaura su yanka wayoyi yake yi. Kuɗin ka sa a hular kwano mai kyau da makulli mai sarƙa.

Bayan an haɗa

In an yi borin, kilomita 500 na farko a bi shi a hankali: ba lodi, ba cika totur, ba barin sa yana aiki a tsaye cikin cunkoso har ya yi zafi. Ka zubar da baƙin man farko da wuri, don shi ke kwashe burbushin sabon ringi, a sake duba tafet, a bi notuna da sifana ɗaya bayan ɗaya, a sake ja sarƙa. Ka cire fulogi ka dubi bakinsa: ruwan ƙasa daidai ne, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat kuma iska ta yi yawa, a koma kan kabireta kafin fistin ya ƙone.

Wurin kwanansa ya zama ƙarƙashin rufi, a kan dakali ko katako in unguwarku na cika da ruwa, kuma tamfol kada ya rufe shi ruf har ƙasa, don yana tara gumi. In zai yi sati biyu ba a hau ba, ka rufe famfon mai ka bar injin ya shanye na cikin kabireta har ya mutu da kansa, tankin kuma ka bar shi a cike.